Asalin Kalmar "Aya"

Kowace Lahadi mai karatu yakan miƙe a majami'a ya faɗi sura da aya, jama'a su buɗe littattafansu. Akwai masu bi da kalmar nan take damunsu, suna cewa aro ce daga makarantar allo. Aro ce kuwa, daga Larabci Hausa ta samo ta. Amma labarinta ya girmi allon.

Wurin da aka fi ganin zumuncin harsunan biyu shi ne Sudan. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar, a bakin reshen Nilu da ake kira Bahar Azraƙ. Mahajjata da yawa suka yada zango a ƙauyukan Jazira, suna aikin auduga tun daga 1925. Musulmi ne su, yaransu suna rubuta aya a allo. A Wad Madani kuwa akwai Kiristoci Kibɗawa masu sujada da Larabci, su ma aya suke kiran abin da suke karantawa. Bahaushen da ya ji su bai bukaci tafinta ba.

Ma'anarta ta fari "alama". 'Yar'uwarta a Ibrananci ita ce "ot", wadda Farawa sura 9 ta kira bakan gizo da ita, alamar alkawarin Allah da Nuhu. A Littafi Mai Tsarki na Larabci na 1865, aikin Van Dyck, ruwan da Yesu ya mayar ruwan inabi a Kana ma aya aka ce da shi. Lambobin nan kuwa da mai karatu yake faɗi baƙi ne ƙwarai: Robert Estienne ne ya sa wa Sabon Alkawari su a Janiba cikin 1551.

Hausa ta ƙara wa kalmar aiki, ta zama ɗigon da ake tsayawa a kansa, har akan ce an sa aya. (Ayar da ake taunawa dabam take, kunne yana rarrabewa.) Da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan wahalar su Likita Miller na Zariya, masu bi suka ci gaba da kiran sura da aya yadda iyayensu suka saba.