Ungozoma da Kwana Arba'in

Kakata ta wajen uwa ungozoma ce a wani ƙauye kusa da Giwa, a ƙasar Zazzau. Iya muke ce mata. A hannun kishiyar uwarta ta koyi sana'ar, tana bin ta gida-gida tana ɗauke mata ƙwarya, har ranar da tsohuwar ta daina gani sosai ta miƙa mata aska. Kayan aikinta duka ba su cika lefe ɗaya ba: aska, zare, sabulun salo, tsumma mai laushi, da ɗan guntun kasko na gashin cibiya. Ina 'yar shekara tara na fara bin ta, ni ma ɗaukar ƙwarya ce aikina.

Ungozomar zamanin da ba kasafai take karɓar haihuwa ba. Mace kan yi naƙudarta ita kaɗai a ɗaki, a durƙushe, ta cije ta ƙi yin ƙara saboda kunya. Sai an ji kukan jariri ake tura yaro da gudu ya kira Iya, ko kuma idan abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Aikinta na gaske bayan saukar yake farawa. Ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jinjiri, sannan ta riƙa zuwa safe da yamma har ranar suna. Har yau ina ganin hannunta: ta ɗora kaskon a bakin garwashi, ta ɗauka ta kanga a kuncinta ta ji zafinsa, sannan ta ɗumama tafinta ta dafa cikin yaron a hankali. Tana yi tana kallon maijego ta gefen ido. "Ke 'yar nan, kin ci tuwon kuwa? Juyo in ga idonki." Daga launin ido da yadda mace ke tashi daga tabarma take gane wadda jini ya zubar wa fiye da kima.

Wannan tsari ya daɗe. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, ta bayyana kusan abin da na tashi na gani: wankan ruwan zafi, kunyar ɗan fari, yaye bayan shekara biyu, da ba 'yan uwa riƙon yara. Ita kanta Baba ba ta haihu ba, amma ta yi raino. Makarantar raino a lokacin tsakar gida ce. Yarinya 'yar shekara shida an ɗaura mata ƙaninta da majanyi, ta koyi bambanta kukan yunwa da na barci tun ba ta iya daka ba. Budurwa ta yi cikin fari, a ɗauke ta goyon ciki gidan iyayenta. Lokacin yaye ya zo, a kai yaro wurin kaka da ƙullin kunu. Wadda kuwa ta yi kwanika, wato ta sake ɗaukar ciki da goyo a baya, ta shiga bakin mata.

Ina ƙaunar Iya, kuma ba zan ɓoye abin da ilminta bai kai gare shi ba. Wani ƙanena ya daina kama nono washegarin suna. Bakinsa ya ƙulle, jikinsa ya riƙa sandarewa, kwana biyu ya koma. Aka ce iska ce. Sai da na girma na san cutar sarƙewar haƙora ce, wadda ke shiga ta cibiya idan askar ba ta da tsabta. Askar da na ɗauko a ƙwarya ce.

Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ne suka zauna suka auna al'adun jegonmu. A shekarun 1970 Davidson da Parry suka lura da yawan matan da ake kawowa bayan haihuwa da kumburin jiki da haki, zuciya ta gaza. Suka danganta abin da kunun kanwa da ake ɗura wa maijego, domin kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki, ga wankan tafasasshen ruwa sau biyu a rana, ga kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, har a tsakiyar bazara. Kelsey Harrison kuma ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya buga sakamakon a 1985. Abin da ya fito fili shi ne matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda ake kawowa bayan an kwana biyu ana naƙuda, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Yoyon fitsarin da doguwar naƙuda da yankan gishiri ke jawowa ma a rubuce yake.

Ta ɓangaren hukuma, an kafa hukumar ungozomomi a Nijeriya a 1930, ta ma'aikatan jinya a 1947, aka haɗe su wuri ɗaya a 1979. Bayan taron Alma-Ata na 1978 aka shiga kiran ungozomomin gargajiya horo. Iya ta je irin wannan da tsufanta, ta dawo da ɗan akwati da sababbin reza. Ta ajiye askarta ba gardama. Abu ɗaya ta ce wa mahaifiyata: "Da an gaya mini tun da." A 2009 gwamnati ta fara tura ungozomomin asibiti ƙauyuka, dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta sa kula da ƙananan yara cikin tsarin makaranta, har kwalejojin ilmi suka buɗe sashen koyar da shi. Rainon da ake koya da majanyi ya zama darasi mai jarrabawa.

'Yar ƙanwata tana shekara ta biyu a makarantar ungozoma. Ta nuna mini yadda ake shafa man kuloheksidin a cibiya, da dalilin ba jariri dakashi maimakon a matse a zubar kamar yadda Iya ke sa a yi. Na yi murna har na yi ƙwalla, don da akwai wannan man a lokacin, da wataƙila ƙanena ya rayu da izinin Allah. Amma da na tambaye ta wa ke duba maijego a gida, sai ta ce, "Gwaggo, mu dai muna ce mata ta dawo asibiti, na ƙarshe bayan mako shida." Mako shida kwana arba'in ne da biyu. Lissafin bai canja ba, mutanen da ke cike kwanakin ne suka watse. A da, cikin kwanakin nan maijego ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ba ta kwana ita kaɗai. Akwai tsohuwa a ɗakin da za ta farka in numfashinta ya sauya. Kanwar da wutar cuta ne, sun kuma cancanci a bar su. Hutun da idon tsohuwa magani ne, kuma ban ga wanda ya gaje su a birni ba.

Watan jiya wata yarinya da ke haya a gidan da ke kusa da namu a Sabon Gari ta haihu a asibiti da asuba, aka sallame ta kafin la'asar. Uwarta tana Funtuwa, ba ta da lafiya, mijin kuma direba ne yana hanya. A rana ta uku na leƙa na tarar da ita a tsugunne tana hura gawayi, jinjirin yana kan katifa yana tsala kuka. Na karɓi mafici daga hannunta, na ce, "Ke 'yar nan, juyo in ga idonki." Fari fat yake. Na kira 'yar ƙanwata a waya, na ɗauki yaron na goya, muka fita neman a-daidaita-sahu.