Sofiya Tolstaya da Zargin Cin Amanar Miji

Tun da Vladimir Chertkov, almajirin marubuci Tolstoy, ya fitar da littafinsa kan ficewar Tolstoy daga gida (1922) ake ta nanata magana guda: wai Sofiya, matar Tolstoy, ce ta addabi mijinta da son kuɗi, har tsoho ɗan shekara 82 ya sulale da asuba, ya ƙare a tashar jirgin ƙasa ta Astapovo a 1910. Tarihin auren sananne ne: an ɗaura shi a 1862, haihuwa 13, biyar suka rasu da ƙuruciya.

Babbar hujjar Chertkov ita ce haƙƙin mallaka. A 1891 Tolstoy ya yafe wa duniya duk abin da ya rubuta bayan 1881, Sofiya kuwa ta ƙi amincewa. A ganin Chertkov, matar mai wa'azin gudun duniya ba ta da hurumin lissafin riba. To amma a wannan shekarar ce ta tafi Petersburg ta gana da Sarki Alexander III, ta roƙi a ɗage haramcin da aka sa wa Kreutzer Sonata, labarin mijinta da jama'a suka ɗauka habaici ne gare ta. Aka yarda a buga shi, amma cikin tarin ayyukan marubucin kaɗai. Mabiyan Chertkov za su ce ai kasuwarta ta je karewa, tunda ita ke buga tarin. Ko da haka ne, da wannan kasuwar ake ɗora tukunya a gidansu na Yasnaya Polyana, kuma almajiran Tolstoy da ke tururuwa gidan suna zagin dukiya daga tukunyar suke ci.

Sannan shi Chertkov wane ne a wannan shari'a? A Yulin 1910 Tolstoy ya sa hannu kan wasiyyar sirri a cikin daji, da sunan 'yarsa Alexandra, alhali ragamar rubuce-rubucen a hannun Chertkov za ta faɗa. Da wuya, a ganina, a karɓi shaidar wanda ya ci gajiyar hukuncin ba tare da tantama ba.

Ba a ce Sofiya waliyya ce ba. Ta riƙa binciken takardun mijinta da tsakar dare, ta kuma faɗa tafki ranar da ya gudu. Haka nan kwafe littafinsa Yaƙi da Zaman Lafiya da ta yi da hannu, komai yawansa, bai mai da ita abokiyar ƙirƙira ba, duk da wasu masu kare ta suna son a ce haka. Abin da hujja ta tabbatar bai kai nan ba: daga 1885 ita ce mawallafiyarsa, har sai da ta nemi shawarar Anna, matar marubuci Dostoyevsky, kan harkar ɗab'i. A wannan matsayi ya kamata a auna ƙin amincewar da ta yi a 1891. Labarin da ta rubuta a matsayin raddi ga Kreutzer Sonata kuwa bai fito a Rasha ba sai 1994, shekara 75 bayan rasuwarta.