Fiksil

fiksil (suna, namiji, jam'i: fiksiloli)

1. Ɗigo mafi ƙanƙanta a hoton kwamfuta ko waya. A hoto mai launi, lambobi uku ne ke riƙe da kowane ɗigo, na ja da kore da shuɗi, galibi daga 0 zuwa 255. Mai rubuta manhaja yakan buɗe hoto da rumbun umarni irin Pillow, wanda aka fitar a 2010 don harshen Python, ko OpenCV, sai hoton ya zama jerin lambobi da za a yanke, a rage, a juya ko a ƙirga. Misali: "Rage fiksilolin hoton nan kafin ka tura shi Yelwa, kada ya cinye min data."

2. A hoton tauraron ɗan'adam, faɗin ƙasar da ɗigo guda ya rufe: murabba'i mai gefen mita 30 a Landsat 8, mita 10 a Sentinel-2. Wannan ma'anar ce ta fi shafar mutanen bakin Tafkin Kainji, wanda ya taru bayan kammala madatsar a 1968. Ruwa yana shanye hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani, ganye kuwa yana mayar da shi. Da wannan bambanci ɗalibi a Yauri zai iya ware ruwa daga tudu, ya ƙirga fiksilolin, ya ga inda tafkin ya janye a gaɓar Ngaski da inda ciyawa ta toshe wa masunta hanya. Hotunan kyauta ne, kuma ya kamata makarantunmu su koyar da wannan. Sai dai kwalekwale ya yi wa ɗigon Landsat ƙanƙanta, kuma gajimaren damina yakan rufe tafkin.