Tarihin Ƙidayar Taurarin da Ido Ba Ya Gani

Tun zamanin da, duk wanda ya zauna rubuta kundin taurari tambayoyi biyu yake amsawa: a ina tauraro yake a sararin samaniya, kuma yaya ƙarfin haskensa? Batlamus na Iskandariyya ya jera taurari 1,022 a littafinsa da Larabawa suka sa wa suna al-Majisɗi, wajen shekara ta 150 Miladiyya, ya kasa su daraja shida gwargwadon haske. Abdurrahman as-Sufi ya sake duba darajojin nan a 964, sannan Ulugh Beg ya sake auna matsayin taurari 1,018 a Samarƙand a 1437. Dukkansu da ido suka yi aiki. Ko bayan zuwan madubin hangen nesa da na'urar ɗaukar hoto, hasken da aka ci gaba da ƙidayawa bai yi nisa da wanda idon ɗan Adam ke gani ba. Kundin farko na abubuwan da ke haskawa da hasken da ido ba ya gani ta ɓangaren ja bai fito ba sai 1969.

Asalin maganar ya faro ne a Ingila a 1800. William Herschel ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rarrabu launi-launi kamar bakan gizo, sai ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da ma'aunin gaba da ja, wurin da ba a ganin komai, sai ya tarar zafin ya ƙaru. Wannan shi ne hasken da Turawa ke kira infrared, mu kuwa a nan za mu kira shi hasken bayan-ja. Mai sauraron rediyo ya san gajeren zango da matsakaicin zango, ya san ana auna su da mita. Haske ma zango gare shi, sai dai da maikuron ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ido yana gani daga kusan maikuron 0.4 zuwa 0.7, daga nan kuma sai hasken bayan-ja ya karɓa har zuwa ɗaruruwan maikuron.

Abu biyu suka sa wannan haske ya zama abin nema. Na farko, abin da bai kai zafin rana ba, kamar tauraro mai sanyi-sanyi ko ƙurar da ke kewaye da shi, a wannan zango yake fitar da mafi yawan haskensa. Na biyu, dogon zango ya fi iya ratsa ƙura. Wanda ya lura da yadda rana ke yin ja idan ta kusa faɗuwa a cikin ƙura ya ga somin-taɓin wannan ƙa'ida. Sararin da ke tsakanin taurari cike yake da ƙura, ta kuma rufe mana tsakiyar gungun taurarinmu, farin zanen nan da ya ratsa sama wanda Larabawa ke kira Majarra.

Duk da haka an shafe shekara ɗari da sittin ba a yi nisa ba. Tururin ruwan da ke cikin iska yana shanye mafi yawan wannan haske, ƴan kafofi kawai ya bari. Sannan duk abin da ke da ɗumi yana fitar da shi: iska, ginin da aka ajiye madubi, har madubin kansa. Mai wannan bincike kamar mai neman hasken ashana ne da tsakar rana. Charles Piazzi Smyth ya auna ɗumin wata daga kan dutse a tsibirin Tenerife a 1856, William Coblentz kuma ya auna taurari 110 a cibiyar Lick ta Kaliforniya a 1914. Amma duk waɗannan taurari ne da aka riga aka sani, aka saita madubi a kansu. Babu wanda ya share sama baki ɗaya don ya ga me ke nan. Sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya haifar da na'urorin gano zafi masu kaifi, waɗanda aka yi da sinadarin dalma da ƙibiritu don amfanin soja, sannan hanya ta buɗe.

Waɗanda suka fara sharar su ne Gerry Neugebauer da Robert Leighton na jami'ar Caltech, kuma dukansu masana kimiyyar fiziya ne. Yawancin masana taurari na lokacin ba su sa ran za a ga wani sabon abu ba. A ganinsu taurarin da aka sani ne za a sake ƙirgawa. Mutanen biyu da kansu suka ƙera madubinsu mai faɗin inci 62: suka zuba ruwan danƙon epoxy a cikin faranti mai juyawa, juyin ya ba shi siffar kwano, ya daskare a haka, suka shafe shi da alminiyam. Suka kai shi kan Dutsen Wilson, daga 1965 zuwa 1968 suka share kusan kashi uku cikin huɗu na sama a zangon maikuron 2.2, tare da ɗalibai masu kwana suna gadin na'ura. Sun ga abubuwa kusan 20,000. Kundin da hukumar NASA ta buga a 1969 kuwa guda 5,612 kawai ya ƙunsa, waɗanda haskensu ya kai daraja ta uku ko ya fi. A ganina wannan yankewa ta fi adadin muhimmanci. Sun tsaya ne a iyakar da za su iya cewa abin da suka rubuta yana nan, kuma da wuya wani mai irin wannan haske ya kuɓuce musu.

Ya kamata a ɗan tsaya kan daraja, domin tana rikita ɗalibai. Tsarin na Batlamus ne aka gada: mafi haske shi ke da ƙaramar lamba. Norman Pogson ya ƙayyade shi a 1856, ya ce tazarar daraja biyar daidai take da ninki ɗari na haske. An kuma daɗe ana ɗaukar tauraron Vega a matsayin sifili, da shi ake gwada saura. To, da aka auna a maikuron 2.2 sai jerin ya sauya. Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro haske a ido da dare, ya sauka daga kan gaba, jan tauraron nan Betelgeuse na rukunin Orion ya hau. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne wasu abubuwa masu tsananin haske a kundin waɗanda da ƙyar ake ganin alamarsu a hotunan sama na yau da kullum. Fitaccensu shi ne IRC +10216, wato na 216 a yankin digiri 10 arewa da tsakiyar sama. Tsohon tauraro ne da ya kusa ƙarewa, yana amayar da ƙurar gawayi har ta lulluɓe shi. A zangon maikuron 5 babu abin da aka san ya fi shi haske a wajen iyalin rana a wancan lokaci. A cikin shekarun nan kuma Eric Becklin da Neugebauer suka gano wani jaririn tauraro a ƙurar Orion a 1967, suka kuma hango tsakiyar Majarra a 1968.

Zangon da ya fi wannan tsawo da wuya a share shi daga ƙasa, don haka aka koma ga roka. Rundunar sojan sama ta Amurka ce ta ɗauki nauyin aikin, kuma ba son taurari ya kai ta ba. Tana so ne ta san abin da ke haskawa a sama tun asali, don kada na'urorinta su ɗauki tauraro a matsayin makami mai linzami. Daga 1971 zuwa 1974 Russell Walker da Stephan Price suka harba rokoki daga White Sands a Amurka da Woomera a Ostireliya, kowace tana samun ƴan mintoci a sama da iska. Kundin farko ya fito a 1975, amma da masu bincike suka bi sawu da madubai daga ƙasa, sai aka rasa da yawa daga cikin abin da aka rubuta. Ƙwayar ƙura guda da ta fita daga jikin roka, rana ta ɗumama ta, ta isa ta bayyana kamar tauraro. Aka tace kundin, aka sake fitar da shi a 1976 da abubuwa sama da 2,000.

Wannan ciwo ne ya tsara yadda aka gina IRAS, tauraron ɗan Adam na haɗin gwiwar Amurka da Holan da Birtaniya, wanda aka harba ranar 25 ga Janairu 1983. Madubinsa bai kai santimita 60 ba, amma an sanya shi cikin tanki mai ruwan hiliyam da ya sanyaya na'urorinsa zuwa kusan digiri 271 ƙasa da sifili, don kada ɗumin kansa ya makantar da shi. Yana kewaya duniya a nisan kilomita 900, yana auna zango huɗu: maikuron 12, 25, 60 da 100. Ƙa'idar da aka kafa mai tsauri ce. Ba a yarda da abu sai na'urori biyu sun gan shi a tazarar ƴan daƙiƙoƙi, sannan a sake ganinsa a wani zagayen bayan sa'o'i, sannan a sake share wurin bayan makonni. Shaida uku ke nan a kan magana guda. Hiliyam ya ƙare ranar 21 ga Nuwamba 1983, bayan wata goma, an riga an share kashi 96 cikin ɗari na sama. Babban kundinsa ya ƙunshi abubuwa 245,889.

Abin da aka zubar ma bai tafi a banza ba. Duk abin da ya gusa daga wurinsa tsakanin duba da duba ya faɗi jarrabawa, amma gusawar tasa alama ce ta cewa yana kusa da mu. Masu bincike na jami'ar Leicester suka riƙa tone juji, a ciki aka samo taurari masu wutsiya, aka kuma samo dutsen nan Phaethon a watan Oktoba 1983, wanda daga baya aka gane shi ne tushen ruwan taurarin da ke zuba kowane Disamba.

Labarin Vega ya fi kowanne daɗi. An juya IRAS gare shi ne don a daidaita ma'auni, tunda shi ne mudun da ake awo da shi. Sai George Aumann da Fred Gillett suka ga haskensa a maikuron 60 da 100 ya ninka abin da lissafi ya nuna sau da yawa. Dole aka fara tuhumar na'ura. Da ta kuɓuta, sai ya tabbata mudun ne ke da ƙari: Vega na da faifan ƙura mai sanyi da ke kewaye da shi, irin ɓarɓashin da ke saura a inda duniyoyi suka samu. An ga irin haka a Fomalhaut da Beta Pictoris, a 1984 kuma aka ɗauki hoton faifan Beta Pictoris daga ƙasar Chile.

Matsalar da ta rage ita ce ta matsayi. Ana raba digiri zuwa minti 60, minti zuwa daƙiƙa 60, faɗin wata kuwa daƙiƙa 1,800 ne. IRAS yana faɗin inda abu yake da kuskuren daƙiƙoƙi goma zuwa ashirin ko fiye, kuma a irin wannan fili ana iya samun taurari da yawa, ko a rasa ko ɗaya. A ƙarshen Disamba 1983 jaridar Washington Post ta ba da labarin wani abu da IRAS ya gani wanda ba a san ko mene ne ba, mutane suka ɗauka wata duniya ce ta goma. Da aka bi diddigi, yawancin abubuwan nan gungun taurari ne masu nisan gaske waɗanda ƙura ta rufe, ɗaya kuma gajimaren ƙura ne a cikin Majarra. Jita-jitar dai ba ta mutu ba har yau.

Daga nan adadi ya riƙa tsalle. Aikin 2MASS, wanda ya gaji sunan sharar Neugebauer da Leighton, ya yi amfani da madubai biyu masu faɗin mita 1.3, ɗaya a Arizona ɗaya a Chile, daga 1997 zuwa 2001. Kundinsa na 2003 ya ƙunshi abubuwa 470,992,970, kuskuren matsayinsu bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Suna ma ya zama adireshi: 2MASS J23062928-0502285 yana nufin awa 23, minti 6, daƙiƙa 29.28 ta gabas, da digiri 5, minti 2, daƙiƙa 28.5 ta kudu. Wannan layi na lambobi shi ne tauraron da yanzu ake kira TRAPPIST-1, wanda aka sanar a 2017 cewa duniyoyi bakwai ke kewaya shi. Tauraron ɗan Adam na WISE, da aka harba a Disamba 2009, ya kai adadin zuwa miliyan 747 a kundin 2013.

A cikin hotunan WISE ne Kevin Luhman ya lura a 2013 da wani ɗigo da ke gusawa da sauri. Ya zamana tagwaye ne na irin abubuwan da suka fi duniya girma amma ba su kai su kama wuta kamar tauraro ba, nisansu shekarar haske 6.5 kacal. Tun gano tauraron Barnard a 1916 ba a samu maƙwabcin rana da ya kai su kusa ba. Da aka koma tsofaffin ajiya sai aka tarar 2MASS ya ɗauke su a 1999, akwai su kuma a wani hoton sama na 1978. Suna zaune ne kusa da farin zanen Majarra, inda taurari suka yi cincirindo, wurin da masu neman irinsu suka saba kauce wa.