Sandar tuta: daga hannun mahayi zuwa farfajiyar lakwal

Wannan dogon ƙarfen da ke tsaye a lakwal da bariki da ofishin magajin gari, mi ne ne sunansa da Hausa? Sandar tuta muke cewa. To amma sanda ai abin riƙewa ce a hannu. Ya aka yi ƙarfen da aka dasa cikin siminti ya gaji wannan suna?

Amsar tana cikin tarihi. A da, tuta ba a wuri ɗaya take zama ba. Ƙyalle ne ɗaure a jikin sanda, mutum na riƙe da ita gaban mayaƙa, inda ta nufa nan ake bi. Lokacin jihadin da ya soma a 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riƙa bai wa jagororinsa tuta, alamar izni ke nan. Ummarun Dallaje na cikinsu, kuma bayan an ci Katsina a 1807 sarakunanta suka yo arewa, zuriyarsu ta kafa sarautar Maraɗi. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi.

Harshe bai manta da waccan sanda ba. In aka ce wane "ya ciri tuta", ana nufin ya zarce kowa. Ku lura, ba a cirar abin da aka gina da siminti.

Sandar da ba ta motsi kuwa ta yaɗu ne da mulkin Turawa. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma duk barikin da kwamanda ya zauna sai ka ga tutarsu a sama. Daga nan aikin ya koma na igiya: a ɗaga da safe, a sauke da marece. Kalmar "drapo" ma ta nan ta shigo bakinmu.

Ranar 23 ga Nuwamba 1959 Nijar ta zaɓi tata tuta: ruwan lemo, fari da tsanwa, da rana a tsakiya. Ranar 3 ga Agusta 1960 aka samu 'yanci. Sandar ba ta sake ba, abin da ke kanta ne ya sake.

Tana kuma magana ko ba baki. Bayan harin Inates na Disamba 2019, inda sojojinmu 71 suka kwanta dama, an yi makokin kwana uku, tuta ta sauko rabin sanda.

Saboda haka in kun ga tuta ta koɗe ko ta yage a lakwal ɗin unguwarku, ko igiya ta tsinke sanda na tsaye tsirara, kada ku jira gwamnati. Ku tuntuɓi darakta, iyayen yara su haɗa hannu a sake ta. Yaran da ke jeruwa gabanta kowace safiya suna gani.

A garinku, sandar tuta kuke cewa ko da wani suna? Ku faɗa mana.