Abincin Baƙaƙen Panama a Gidajen Abinci: Gadon Wa Ake Sayarwa?

Gabatarwa

Tun da UNESCO ta sa birnin Panama cikin biranen da suka yi fice a girki a 2017, masu tallar yawon buɗe ido ke kiran duk abin da aka dafa da kwakwa "abincin Afro". Wannan maƙala ba ta yarda da wannan kuɗin goro ba. Baƙaƙen Panama gida biyu ne. Akwai jikokin bayin zamanin Sifaniyawa, irin mutanen Kongo na Portobelo. Akwai kuma jikokin leburorin da suka zo daga tsibiran Jamaika da Barbados da Martinik, suka shimfiɗa layin dogo daga 1850 zuwa 1855, suka haƙa mashigin ruwan Panama da aka buɗe a 1914. Mai bincike Carla Guerrón Montero ta nuna yadda yawon buɗe ido ya ɗaga darajar girkin yankin Bocas del Toro, kuma mun yarda da ita. Tambayarmu ita ce wane gida ne ya ci ribar.

Hanyar Bincike

An bi sunayen abincin da ake sayarwa, aka mayar da kowanne ga tarihin masu shi.

Sakamako

Kusan duk abin da ya yi suna na gida na biyu ne, kuma sunayen da kansu shaida ne, don Turancin tsibirai ne da bakin Sifaniyanci ya tauna: rondón, patí, plantintá, bon, saos. Rondón kifi ne da rogo da agade da ake dafawa a madarar kwakwa har romon ya yi kauri. Saos ƙafar alade ce da aka jiƙa a lemun tsami da kokwamba da barkono. Bahaushe zai fi gane saril, wanda zoɓo ne tsantsa har da cittarsa, da kuma cou-cou na 'yan Barbados, tuwon masara da aka tuƙa da kuɓewa a cikinsa.

Amma barkonon ne ya fi ɗaukar hankalinmu. Sunansa ají chombo, ɗan'uwan attaruhu ne, kuma "chombo" zagi ne da ake yi wa 'yan tsibiran. Mutanen da hukumar mashigi ta biya da azurfa alhali Turawan Amurka na karɓar zinariya, waɗanda tsarin mulkin Shugaba Arnulfo Arias na 1941 ya hana su zama 'yan ƙasa, yau kwalbar yajinsu ce ke kan teburin masu kuɗi, da sunan zagin a jikinta. Masu girki irin su Isaac Villaverde na La Tapa del Coco sun fito da wannan abinci daga unguwanni irin Río Abajo zuwa faranti mai tsada, da alfahari. Girkin ƙauyukan Kongo bai samu wannan gata ba.

Iyakokin Bincike

Suna ba ya faɗin komai. Gidajen biyu sun yi auratayya a yankin Colón, shinkafa da kwakwa kuwa kowa na cewa tasa ce.