Zana Ta Fito Tar, Kaka Ba Ta Fito Ba

Akwai wani hoto a kwamfutata da na kasa gogewa, ban kuma taɓa kai shi a wanke ba. Na ɗauke shi ne a gidanmu na Gesheme cikin hunturun 2016. Kakata ce zaune bisa tabarma, bayanta kuma zanar da ta kewaye tsakar gida. Zanar ta fito tar, har mutum ya iya ƙirga tsinken gamba ɗaya bayan ɗaya. Fuskar tsohuwa kuwa dishi-dishi, kamar ana hango ta cikin hazo.

Da na latsa na sauke kyamarar, sai ta ce, "Har ka gama, maigida? Mai hoto na da sai ya shiga baƙin ƙyalle ya daɗe yana duban mutum." Na yi dariya na ce, "Kaka, wannan ita ke dubawa da kanta." Na leƙa ɗan allon baya na ga kamar komai daidai, na koma Yamai. Sai da na buɗe hoton a babban allo na ga ɓarnar. Kafin damina ta faɗi Allah ya yi mata rasuwa, wannan shi ne hotonta na ƙarshe.

Abin ya dame ni har na shiga bin diddigin yadda aka yi kyamara ta koyi "dubawa da kanta". Abin da na samu nake son kawo wa masu karatu yau.

Tun da aka bayyana fasahar Daguerre a birnin Paris a 1839, saita hoto aikin ido da hannu ne. Mai hoto yakan rufe kansa da baƙin ƙyalle don ya ga surar mutum a kan wani gilashi mai duhu-duhu, a juye, kai ƙasa ƙafa sama. Sai ya riƙa matsar da gilashin gaba yana dawo da shi baya har idon mutumin ya fito. Irin wannan akwatin mai ƙafa uku ne kakata ta sani, wanda masu hoton kasuwa ke yi wa mutane hoton katin ɗan ƙasa da shi. Daɗewar da take magana a kai ba lalaci ba ne, lokacin zaɓe ne: mutumin yana yanke shawarar abin da zai fito da abin da zai bari ya dushe.

Manyan masu hoton yankinmu duk da hannu suka yi aiki. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. Malick Sidibé ya biyo baya, shi ne aka ba kyautar Zakin Zinariya a Venis a 2007. A Yamai kuma akwai Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki samari da ƴanmatan birnin a wuraren rawa cikin shekarun 1960 da 1970. Su Keïta suna son shimfiɗa atamfa mai zane a bayan mutum, amma ka duba hotunansu, fuskar ce ke fara kama maka ido.

Saitin kai-tsaye ya zo ne daga baya. Kamfanin Konica na Japan ya fitar da C35 AF a 1977, kyamara ta farko mai saita kanta da aka ƙera da yawa don kasuwa. A 1978 Polaroid ya kawo wadda ke auna nisa da sautin da kunne ba ya ji, irin dabarar jemage. Pentax ya gwada da ME F a 1981, amma wadda ta juya kasuwa ita ce Minolta 7000 ta 1985, domin injin da ke juya gilashin yana cikin jikinta. Nasarar ta zo da rigima: kamfanin Honeywell na Amurka ya kai ƙara cewa fasaharsa aka ɗauka, a 1992 Minolta ya biya sama da dala miliyan 127. Canon ya shigo da jerin EOS a 1987, Nikon ya fitar da D1 mai aiki ba fim a 1999. Irin jikokin waɗannan ne suka iso mana ƴan gwanjo, har ni ma na sayi tawa.

To, yaya take dubawa? A cikin kyamarar akwai babban madubi da ke tura haske sama zuwa idon mai ɗauka. Bayansa akwai wani ɗan ƙarami da ke karkatar da wani kaso na hasken zuwa ƙasa, inda na'urar auna nisa take. Na'urar tana raba hasken gida biyu, ta kwatanta, ta ce wa injin ya juya gilashi gaba ko baya har biyun su haɗu. Amma ba ta san mutum ba, ba ta san ciyawa ba. Abin da take nema kawai shi ne wurin da fari da baƙi suka yi iyaka. Baƙar fuska a cikin inuwa ba ta ba ta abin kamawa sosai. Zana mai layi-layi da rana ta haska kuwa, ai gaba ta kai ta.

Da na gane haka sai na zauna na bi kyamarar tawa mataki-mataki. Na farko, na tarar tana kan tsarin da ita ke zaɓen wurin saiti. Na mayar da ita kan ɗigo guda, wanda ni zan aza a kan idon mutum. Wannan kaɗai da na sani a ranar, da hoton kakata ya fito.

Na biyu, ƙura. Duk wanda ya yi hunturu a Dallol Mawri ya san ba abin da take bari. Takan kwanta a kan madubi da bakin na'urar da ke ƙasa, sai ka ji gilashi yana kai da komo ya kasa tsayawa. Na hure ta da ɗan famfon roba, ban sa yatsa ko baki ba. Na kuma goge ƴan ƙarafan da ke haɗa gilashi da jikin kyamara, domin ta nan suke magana da juna.

Na uku, gwaji. Na jera batura biyar a karkace bisa tebur, na aza kyamarar kan ƙafa, na saita na tsakiya. Na ɗauka sau ɗaya ina leƙawa ta ƙaramar tagar ido, sau ɗaya kuma ta allon baya. Dalili shi ne idan ana kallo ta allo, madubin yakan ɗaga, saitin ya koma kan ainihin farantin da ke ɗaukar hoto. In na allo ya fito daidai, na taga kuma ya faɗa kan baturin baya, to madubi ko na'urar sun goce. Wasu kyamarori suna da wurin gyara wannan a cikin tsarinsu, wasu sai an kai wa mai gyara. Tawa ta ci jarrabawar, wato laifin nawa ne.

Ga wani tarko ga masu sayen gwanjo. Tun daga D40 ta 2006, ƙananan kyamarorin Nikon ba su da inji a jikinsu. In ka ɗaura musu tsohon gilashin da ke jiran jiki ya juya shi, ba zai motsa ba ko kaɗan. Lafiyarsa lau, da hannu kawai za ka saita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bayan duk wannan shi ne tarihin ƙasarmu ta Arewa. Mu ma galibi wasu ne suka riƙe mana kyamara. A watan Afrilun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, Sarauniya Mangu ta tsaya musu. Duniya ta san labarin ne ta littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986. An ɗauki fim ɗin a Burkina Faso, fuskar da mutane ke tunawa in an ce Sarauniya kuwa ta ƴar wasa Aï Keïta ce. Bafaranshe Marc-Henri Piault ya wallafa littafinsa kan tarihin Mawri a 1970, Éliane de Latour kuma ta yi fim kan sarauta a yankin cikin shekarun 1980. Sun yi aiki, mun gode musu. Sai dai kowane mai ɗauka da inda yake aza ɗigonsa, kuma rawani da fada da fagen yaƙi sun fi saurin kama ido, kamar dai zanar nan. Tsohuwar da ta san sunan kowace rijiya, da wanda ya gina ta, da shekarar yunwar da aka bar wane ƙauye, ita ce ke zama a inuwa.

Yau kusan kowane saurayi a Gesheme da Tibiri da Dogon Dutsi yana da kyamara a aljihu, wayoyin ma sun iya neman fuska da kansu. Ba mu da sauran uzuri. Shawarata ga ƴan uwana: in kun je gida, ku zaunar da tsofaffinku a bakin inuwa inda haske ke taɓa fuska, ku matsar da su nesa da zana, ku taɓa idonsu a kan allo kafin ku latsa. Ku ɗauka sau uku, ku faɗaɗa hoton ku duba tun ba ku tashi ba. Sannan ku kunna naɗar murya ku tambaye su sunayen iyayensu da inda suka fito.

Ni dai yanzu in zan ɗauki tsoho nakan daɗe ina dubawa, har wani lokaci a yi mini tsiya. Allah ya jiƙan kakata, ya gafarta wa magabatanmu baki ɗaya.